Gwangwani Talatin da Ɗaya

A Ƙofar Marusa nake da tebur,
Shayi, burodi, ƙwai da suga,
Da 'yar talabijin a kan akwati.
In an yi isha'i sai benci ya cika,
Kowa da kofinsa, ana jiran dariya.

Daren Laraba akwai wani wasa
Na Ɗan-Tanin mai ƙirga komai,
Tayoyin mota, matakalar bene.
Ka gaishe shi, ya maido ma gaisuwarka
Kamar ka yi kira a cikin rijiya.

An ce masa, “Kai, ja bakinka!”
Ya kama leɓe da hannu ya ja.
Direbobi suka kwashe, benci ya girgiza,
Ɗayyabu mai faci ya ƙware da shayi.
Ni ma na dara, ba zan yi ƙarya ba,
Har na share ido da gefen riga,
Sannan na waiwaya baya.

Can kusa da risho Mannir ke zaune,
Ɗana, shekararsa tara,
Yana jera gwangwanayen madara,
Tambarin kowanne na duban gabas,
Talatin da ɗaya.

Likita ya ce galahanga ce,
Kakarsa ta ce a nemo rubutu.
Ni abin da na sani, in janareta ta tashi
Yakan toshe kunne ya yi ta lilo,
Kamar ƙarar tana cizonsa a wuya.

“Kai, Ɗan-Tanin, miƙo mana suga!”
Wani ne ya faɗa, ban ga ko wane ne ba.
Yaron bai juyo ba. Aka sake kwashewa.
Na yi ta tsiyaya har kofi ya tumbatsa,
Shayi na ƙona ni ban ji ba,
Wannan karon dariyar da ƙaya.

Na yi niyyar kai akwatin kasuwa.
Amma ran Laraba, ba agogo a hannunsa,
Saura minti biyar ya miƙe tsaye
Ya nuna ta da yatsa, bai ce komai ba.
To, wa zan hana? Na kunna da kunya.

A ranar an kai Ɗan-Tanin gidan biki,
Lasifika, guɗa, hannuwa ta ko'ina.
Ya shige ƙarƙashin tebur ya dunƙule,
Tafukansa biyu a kan kunnuwa.
Masu wasan ba su sa kiɗa ba,
Ba su sa mana dariyar gwangwani ba,
Suka bar mu da shi, mu da zuciya.

Uwarsa ta zo da kwalliyar biki,
Ba tsawa, ba jan hannu,
Ta zauna a ƙasa, leshi da komai,
Ta ce, “Ɗaya. Biyu. Uku.” A hankali.
A bencina cokali ya daina kaɗawa,
Ɗayyabu ya sunkuya yana duban takalmi
Kamar ya ga huji a taya.

“Ta tsallake bakwai,” in ji Mannir,
Idonsa na kan gwangwani.
Sai ga Ɗan-Tanin ya ɗago kai:
“Inna, kin tsallake bakwai.”
Benci ya fashe, har da ni, har da hawaye,
Amma wannan ba ta yi kama da ta rannan ba,
Ta zauna da mu, ba ta nuna kowa da yatsa,
Mai yiwuwa don ta biyo ta gaskiya.

Ban ce wasan ya wanke kansa ba.
Yaran layi har gobe da sunan suke kiransa,
Wani makon kuma a mai da shi abin tsokana,
In ji haushi, in rage murya.

Sai dai jiya na ga Ɗayyabu, ba wanda ya sa shi,
Ya ja janareta can bayan kwata,
Ya dawo yana goge hannu a wando,
Ya tsuguna nesa kaɗan da jerin:
“Malam Mannir, a ba ni aron guda?”
Shiru. Shiru. Ruwa na tafasa.
“A'a,” in ji shi. “Talatin da ɗaya.”